Wangarawa Sun Zo, Bala Bai Zo Ba: Tsokaci a Kan Tarihin Marimba da Ƙasar Hausa

Marimba abin kiɗa ne na sassaƙaƙƙun itatuwa masu tsawo daban-daban, waɗanda ake jerawa a ɗaure duma a ƙarƙashin kowanne domin ƙara amo, sannan a riƙa bugunsu da 'yan sanduna. Sunan ya samo asali daga harsunan Bantu, ya kuma ƙetara teku tare da bayi, har ƙasar Gwatamala ta mai da marimba abin kiɗanta na ƙasa a 1978. A Afirka ta Yamma kuwa Mandinkawa suna kiran irinsa bala. Tambayar wannan maƙala ita ce: me ya hana bala shiga fadojin Hausa?

Ba za a ce rashin hulɗa ba ne. A 1352 Ibn Baɗɗuɗa ya ga Duga, tafintan Mansa Sulaiman, yana kaɗa irin wannan abu mai duma a fadar Mali. A wannan zamani ne kuma, in ji Tarihin Kano, Wangarawa suka iso daga Mali, lokacin Sarki Yaji (1349-1385). Haka nan ba za a ce fada ba ta karɓar baƙon abu ba, domin littafin ya danganta kakaki da Muhammadu Rumfa (1463-1499).

Ana iya kawo dalilai biyu. Na farko, bala gadon gida ne na maroƙa. Har yau zuriyar Kuyate ce ke riƙe da tsohon Soso Bala a garin Niyagasola na ƙasar Gini, wanda hukumar UNESCO ta karrama a 2001. Wangarawan Kano kuwa malamai ne da fatake. Littafi da haja suka ɗauko, ba kayan roƙo ba. Na biyu, aikin bala shi ne raka kirari da tarihin sarakuna, gurbin da taushi da kotso da jauje suka cike a ƙasar Hausa, ga su kuma da makaɗa masu gado da sarauta.

Abin lura shi ne, kiɗan itace bai yi nisa da Bahaushe ba. Birom na Filato suna da kundung, Bura na Biu suna da tsinza, dukansu da ƙahonin shanu maimakon duma. Ke nan ba nisa ne ya hana ba. Abin kiɗa ba ya zama a baƙon wuri sai ya zo da mai kaɗa shi, ya kuma tarar da aikin da babu mai yi.