Gashin Ciki: Tarihin Kai Magani Har Ɗakin Sankara

Gabatarwa

Daga cikin hanyoyin da likitoci ke bi wajen yaƙi da sankara, akwai wadda ake cusa wani sinadari mai fitar da haske marar ganuwa a cikin wani rami na jikin majinyaci, kamar mahaifa ko maƙoshi, domin ya ƙona cutar daga ciki. Wannan maƙala za ta bi diddigin wannan dabara, musamman dangane da sankarar bakin mahaifa, inda ta fi yin tasiri.

Asalin Al'amarin

A shekarar 1898 ne Marie Curie da mijinta Pierre suka gano sinadarin radiyom a birnin Faris na ƙasar Faransa. A 1901 wani masani, Henri Becquerel, ya sanya ɗan kwalabar radiyom a aljihunsa, bayan kwanaki sai ya ga fatarsa ta ƙone daidai wurin. Pierre ma ya ɗora sinadarin a damtsensa da gangan, ya sami gyambon da ya daɗe bai warke ba. Nan take likitoci suka yi tunani: abin da ya ci lafiyayyen nama, ai zai ci ruɓaɓɓe.

Sai dai hasken da aka aiko daga waje dole ya ratsa fata da tsoka kafin ya isa ga ƙari, kuma duk abin da ya ratsa sai ya yi masa lahani. Ga shi kuma ƙarfin hasken na raguwa da sauri: in aka ninka tazara sau 2, sai ya koma kashi 1 bisa 4. Ke nan in aka ajiye sinadarin a jikin ƙarin, shi zai sha wuta, maƙwabtansa kuwa su sami sauƙi. Mahaifa tana da ƙofa da Allah Ya yi mata, ba sai an tsaga ba. A 1903 wata likita a birnin Niyok na Amurka, Margaret Cleaves, ta sanya radiyom cikin bututun gilashi ta yi wa wata mace jinyar sankarar bakin mahaifa.

Makarantu Uku

Da farko kowane likita da irin awonsa. Wata a ba ta kaɗan cutar ta dawo, wata a zarce mata har mafitsara ko hanji ya huje. Daga nan ne tsare-tsare uku suka fito. A Istokholm ta ƙasar Suwidin, inda aka buɗe gidan jinyar radiyom a 1910, Gösta Forssell da James Heyman sun zaɓi sanya radiyom mai yawa na kimanin yini guda, a maimaita sau 2 ko 3 da ratar makonni. A Faris kuwa Claudius Regaud ya fi son kaɗan, amma a bar shi kamar kwana 5 a jere. A 1938 Margaret Tod da W. J. Meredith na Manchesta a Ingila suka kawo abin da ya fi: suka ware wani gurbi a gefen bakin mahaifa, santimita 2 sama da kuma santimita 2 gefe, suka ce da hasken da ya isa wannan gurbi za a riƙa auna magani. Da haka asibitoci suka sami mudu ɗaya.

Afirka ma tana da hannu a wannan tarihi. A 1921 giram ɗaya na radiyom ya kai dala 100,000. Farashin bai faɗi sosai ba sai da aka fara tace duwatsun mahaƙar Shinkolobwe ta Katanga a Kwango, waɗanda aka riƙa kwasa zuwa Beljiyom. Ƙasar Afirka ce ta wadata asibitocin Turai, alhali matanta ba su ga maganin ba.

Kare Mai Magani

Kusancin da ya amfani majinyaciya shi ya cutar da ma'aikata. Da hannu suke ɗaukar radiyom, kuma mace na kwance kwanaki da shi a jikinta, masu jinya na kai da komo kusa da ita. Yatsu sun ƙone, jini ya lalace. Marie Curie kanta ta rasu a 1934 da ciwon ɓargo da ake dangantawa da wannan haske.

Wajejen 1960 Ulrich Henschke a Niyok ya yaɗa dabarar fara sanya bututun babu kome a ciki, a daidaita shi a natse, sannan a zura sinadarin daga baya. Daga bisani na'ura ta karɓi aikin zurawar, likita na bayan bango. An kuma yi watsi da radiyom, wanda sai ya shekara 1,600 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi, kuma yana fitar da iska mai guba. Aka koma ga siziyom da kobal da iridiyom. A yau ƙwayar iridiyom da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba takan gama aikin zama ɗaya cikin 'yan mintoci, bayan an ɗauki hoton ƙarin an tsara awon da kwamfuta.

Kammalawa

Tarihin gashin ciki tarihi ne na daidaita kusanci da nisa: a matso da wuta kusa da cuta, a nisanta ta daga lafiyayyen nama da hannun mai magani. Kimiyya ta warware wannan, amma saura wani nisan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kusan 350,000 suka mutu da sankarar bakin mahaifa a 2022, mafi yawansu a ƙasashe matalauta, kuma Afirka kudu da Sahara na sahun gaba. Idan cutar ta yi nisa, gashin waje kaɗai ba ya kai wa ga sakamakon da ake samu in an haɗa shi da na ciki. Tazarar da ta rage a yau ita ce wadda ke tsakanin matar ƙauye da ɗakin da na'urar take.