Kilomita Biyar: Tashar da Jirgi Bai Taɓa Tsayawa Ba

Da awo aka raɗa wa unguwarmu suna. Turawan Faransa sun saba kafa alama a kowane kilomita na hanyar mota ko na layin dogo, su rubuta harufa biyu, PK, su bi su da lamba. Daga dandalin tsakiyar Bangui, wato PK0, aka auna tazarar kilomita biyar ta titin Boganda, inda awon ya faɗo nan ne kasuwarmu da babban masallacinmu da Titin Koudoukou. Baƙon da ya ji yaran mota suna kiran PK5 da PK9 da PK12 zai ɗauka tashoshin jirgin ƙasa ake jera masa, irin wanda ke kwaso ma'aikata daga bayan gari da safe ya mayar da su da yamma. Alhali a faɗin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ƙasar da ta haura murabba'in kilomita 600,000, babu tarago ko ɗaya da ke tafiya a yau. Rashin nan yana da tarihi, kuma tarihin ya shiga har cikin farashin gishirin da muke saye.

Mu fara daga ƙasar Hausa, domin a can ake ganin abin da dogo ke yi wa gari. A 1911 layin da aka taso da shi daga Baro ya isa Kano, a 1912 aka buɗe zirga-zirga tsakanin Kano da Legas. Ba a ɗau shekaru ba gyaɗa ta zama sarauniyar kasuwa, Sabon Gari ya cika da baƙi, fataken goro suka fara sauke kaya daga bayan jaki suna loda su a tarago. Reshen Ƙaura Namoda ya kammala a 1929, na Nguru a 1930, na Maiduguri a 1964. Katsina kuwa, duk da tsufanta a fatauci, dogo ya kauce mata, Kano ta ƙara yi mata nisa.

Kakanninmu da suka yo kudu maso gabas ba su ga wannan sauƙin ba. Da ƙafa da jaki suka ratso Adamawa, suka yada zango a Ngaundare, suka gangaro Kunde da Karno da Berberati cikin ƙasar Gbaya, suna kawo tufafi da kanwa da duwatsun ado, suna komawa da hauren giwa da goro da danƙo. Madugu ne ke tsara tafiyarsu, zango ne tasharsu.

Ƙasar nan ta biya wa jirgin ƙasa farashi mai tsada, sai dai a wata ƙasa aka shimfiɗa shi. Daga 1921 zuwa 1934 Faransa ta gina layin Kwango zuwa teku, kilomita 500 da 'yan kai daga Brazzaville zuwa Pointe-Noire. Da mutanen yankin suka kasa isar aikin, sai aka shiga ɗibar samari da ƙarfin tsiya daga Ubangi-Shari da kudancin Cadi. A Bangui ake tara su, a cusa su cikin kwale-kwalen ƙarfe, a gangara da su kogi. Dajin Mayombe ya cinye su da yunwa da cuta da nauyin aiki. Adadin da aka fi ambata na waɗanda suka mutu shi ne 17,000, wasu masana tarihi kuma suna ganin ya zarce haka. Marubutan Faransa biyu, André Gide da Albert Londres, sun tona asirin zaluncin yankin a littattafan da suka fitar a 1927 da 1929. Aikin tilas na cikin abubuwan da suka hura wutar tawayen Kongo-Wara, wanda Karnu ya tayar a yammacin ƙasar a 1928. Maƙwabtanmu da yawa suna da kakan da aka ɗauka bai dawo ba. Ya kamata mu san wannan, domin wanda bai san ciwon maƙwabcinsa ba ba zai iya yi masa jaje ba.

Dogo ɗaya tak aka taɓa shimfiɗawa a ƙasar nan, shi ma bai kai kilomita 8 ba. A Zinga, cikin Lobaye, kudu da Bangui, duwatsu sun tokare kogin Ubangi, idan ruwa ya janye da rani jiragen ruwa ba sa iya wucewa. Wajen 1930 aka gina ɗan siririn layi tsakanin Zinga da Mongo: a sauke kaya da fasinja a wannan gefe, ɗan jirgi ya kewaye duwatsun da su, a sake loda su a wancan gefe. Tashoshi biyu ke gare shi, ta farko da ta ƙarshe. Da aka fasa duwatsun aka zurfafa mashigin, wajen 1960, sai aikinsa ya ƙare. Kawunan jirgin da rumbunan suna nan suna tsatsa a bakin kogi, kuma a 2006 gwamnati ta sa su cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi.

Babban buri shi ne layin Bangui zuwa Cadi. A ƙarshen shekarun 1950 aka yi nazari, aka zana taswira, da nufin audugar Cadi ta gangaro Bangui a tarago, ta bi kogi sama da kilomita 1,000 zuwa Brazzaville, daga nan dogo ya kai ta teku. Da ya tabbata, da Bangui ta zama mahaɗar ruwa da ƙarfe. Amma tarayyar Afirka ta Tsakiya ta Faransa ta watse, kowace ƙasa ta karɓi 'yancinta a 1960, aka jingine shirin a farkon shekarun 1960. Kamaru ce ta ci gajiya: dogonta ya tashi daga Yawunde ya isa Belabo a 1969, ya isa Ngaundare a 1974. Ngaundaren da kakanninmu suka yada zango ita ta zama bakin dogo, fatauci kuma ya rinƙa juya baya ga kogi yana fuskantar Duwala.

Saboda haka layin da muke hawa a yau rabinsa ƙarfe ne, rabinsa kwalta da laka. Wanda ya taɓa kwana a jirgin dare na Kamaru ya san jerin: Yawunde, Nanga-Eboko, Belabo inda ake loda katakon dazuzzuka, Ngaundal, sai Ngaundare da hantsi, masu ayaba da zuma suna miƙo kaya ta taga a kowace tsayawa. Daga iyaka kuwa sai babbar mota: Garwa-Bulai, Beloko, Babuwa, Buwar, Bawro, Bosemtele, Yaloke, Bosembele, Bowali, shingen PK12, sannan Kilomita Biyar. Kimanin kilomita 600 ne daga iyaka zuwa nan. Waɗannan garuruwa su ne tashoshinmu. A cikinsu mahautanmu da teloli da masu shayi suka zauna shekara da shekaru, har direba ya iya tasowa daga iyaka ya iso Bangui bai rasa mai amsa masa sallama da Hausa ba.

Hanya ɗaya kuwa igiya ce a wuya. A 2014 ta wannan hanyar ayarin manyan motoci suka fita da dubban 'yan uwanmu zuwa Kamaru, zangunan da suka yi shekaru suna raye suka zama kango. Daga Disamban 2020 zuwa Fabrairun 2021 'yan tawaye suka datse ta, ɗaruruwan motoci suka maƙale a Garwa-Bulai, farashin fulawa da albasa da siminti ya tashi a kasuwarmu cikin 'yan kwanaki. Birnin da ke da ƙofa ɗaya, duk wanda ya tsaya a bakinta ya riƙe tukunyar kowa.

Ba a daina zancen dogo ba. Lokaci zuwa lokaci a kan taso da maganar jawo layi daga Kamaru ko daga Sudan, kuma a can gida an ƙaddamar da aikin Kano zuwa Maraɗi a 2021, wanda zai bi ta Katsina bayan fiye da shekara 100 da kauce mata. In Allah ya nufa wata rana ƙarfe ya iso Bangui, tambayar da ta shafe mu ita ce inda za a kafa tasha, domin labarin Kano da Katsina ya nuna cewa kasuwa tana bin tasha ne. 'Yan kasuwar Kilomita Biyar su kasance a zauren da za a yanke wannan shawara, kada su ji ta a rediyo.

Kafin wannan rana akwai aikin da ke hannunmu. Dattawan da suka san zangunan Kunde da Karno, da tsofaffin direbobin da suka bi hanyar Buwar tun tana jar ƙasa, suna raguwa. Mu zauna da su, mu rubuta sunayen zangunan da na madugan da suka bi su, da abin da ake saya da sayarwa a kowanne. Jirgin Zinga ya bar ƙarfensa a bakin kogi, ana iya zuwa a gani. Hanyar fatakenmu kuwa a bakin dattawa kaɗai take.