Masihiyawa: Daga Kasuwar Kano Zuwa Yammacin Zamfara

Wanda ya tashi daga Anka ya nufi Gummi ta Daki Takwas zai yi tafiya mai nisa kafin idonsa ya faɗa kan majami'a. Kiristocin wannan yanki ba su da yawa. Akwai 'yan kasuwa da ma'aikata daga kudu, akwai Dakarkarin da suka ƙetaro daga ƙasar Zuru, sai kuma Hausawa 'yan ƙasa, waɗanda ke kiran kansu Masihiyawa. Waɗannan na ƙarshe su nauyin ya fi dannewa. Baƙo in ya ji wuya yana da garin komawa, Bahaushe mai bi kuwa gonar kakansa tana nan, kabarin ubansa ma yana nan.

Tsayuwar tasu ta girmi zuwan Turawa. A Kano, zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, wani malami mai suna Ibrahim ya duƙufa kan ayoyin Alƙur'ani da ke zancen Annabi Isa, har ya ɗaukaka shi fiye da yadda malaman birni za su lamunta. Aka nemi ya janye, ya ƙi. Wajajen 1867 aka kashe shi a kasuwa, almajiransa suka watse zuwa ƙasar Ningi da ƙauyukan Zazzau. Su ne Isawa. Ba su da fasto, amma suka riƙe abin da suka gaskata shekaru arba'in da ɗoriya, uba yana miƙa wa ɗa.

Mutane da yawa na ɗauka cewa gwamnatin Turawa ce ta buɗe wa mishan ƙofa a ƙasar Hausa. Tarihi bai nuna haka ba. A 1900 Bishop Tugwell da Likita Walter Miller suka isa Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Da Lugard ya ci Sakkwato a 1903 ya yi alkawarin ba zai taɓa addinin jama'a ba, daga nan razdanoni suka riƙa tare mishan daga shiga masarautu. Miller ya samu zama a birnin Zariya da ƙyar. A can ne a 1913 zuriyar Isawa suka same shi, aka kafa musu ƙauye a Gimi. Ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, waɗanda suka tsira suka tattara a Wusasa daga 1929. Daga wannan ƙaramar unguwa aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, wanda da shi aka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966. Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa ya fito a 1932.

Ƙasar Sakkwato, wadda Zamfara ke cikinta a lokacin, ta ƙofar jinya aka shige ta. A ƙarshen shekarun 1930 aka bar mishan ta SIM ta kula da kutare a Amanawa, kamar yadda aka yi a Yadakunya ta Kano da Babbar Ruga ta Katsina. Ba abin kunya ba ne a faɗi cewa da dama daga masu bi na farko a wannan ƙasa majinyata ne da dangi suka guje wa. Ni a ganina abin alfahari ne ma. A kudu kuma, ƙasar Zuru da ke iyaka da Gummi da Bukkuyum ta karɓi mishan tun shekarun 1920.

Adawar da mai bi ke fuskanta a ƙauye ba kasafai take kai wa ga fada ko kotu ba. A tsakar gida take. A hana shi auren 'yar dangi, a ce ba shi da rabo a gado, a daina cin abinci tare da shi. Wannan ta fi takobi cin rai, domin masu yin ta mutane ne da yake ƙauna, kuma su ma a ganinsu ceto shi suke yi.

An ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996. Ranar 27 ga Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, ta fara aiki a Janairun 2000. Gwamnati ta ce ba za ta hau kan wanda ba Musulmi ba, kuma jihar ba ta ga irin zubar da jinin da Kaduna ta gani a Fabrairun shekarar ba. Sai dai ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta sha kokawa kan wahalar samun filin gina majami'a da rashin koyar da darasin addinin Kirista a makarantun gwamnati. Wasu baƙi suka tattara kayansu. 'Yan ƙasa suka zauna, suna sujada a inda ya samu.

A Agustan 2016, a Talata Mafara, aka zargi wani ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ɓatanci, aka yi masa dukan kawo wuƙa. Wani mazaunin garin ya ɗauke shi zuwa asibiti. Saboda wannan taimako aka cinna wa gidansa wuta, mutum 8 suka mutu. Duk mai ba da labarin ƙarfin hali a yammacin Zamfara bai kamata ya tsallake wannan mutumin ba.

Yanzu barazanar ta sake kama. 'Yan bindigar da suka far wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum a farkon Janairun 2022 ba su tambayi kowa addininsa ba. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 suka mutu, mazauna suka ce sun kusa 200. Garkuwa da mutane da harajin noma sun haɗa liman da mai bishara a layi ɗaya, kuma ƙaramar jama'a ta fi saurin ƙarewa: in iyalai biyar suka yi gudun hijira daga ƙauye, wata majami'ar ta rufe ke nan.