Akuyar Ankara da matan da suka kaɗa gashinta

Yau hirar a kan zare ce, amma ba ulun nan da muke saƙa wa jarirai hula da safa da shi ba. Akwai wani zaren saƙa siriri da ake kira moheya, wanda ake yi da gashin akuya, a haɗa da siliki. Dunƙule ɗaya giram 25 ne kacal, amma in aka warware shi yakan haura mita 200. Galibi kashi 70 cikin 100 gashin akuyar ne, 30 siliki. Silikin ne a tsakiya yana riƙe da gashin don kada ya tsinke, gashin kuma ya tashi a kewaye kamar hazo. Sunan ma daga Larabci ya fito, mukhayyar, wato zaɓaɓɓe.

Akuyar da ke ba da wannan gashi 'yar ƙasar Turkiyya ce, daga yankin Ankara, garin da yake babban birninsu a yau. Fara ce, gashinta dogo mai sheƙi, yana zubowa a murɗe. Sau biyu ake aske ta a shekara, kuma askin farko na ɗan akuya mai wata shida shi ya fi laushi, shi ya fi tsada. Tun a 1555 wani jakadan Turai mai suna Busbek ya ratsa Ankara, ya ga awakin, ya rubuta wa mutanensu labarinsu cikin mamaki.

To, ga inda mu mata muka shigo. A wancan zamani matan ƙauyukan Ankara ne ke kaɗa gashin nan da hannu, a cikin gidajensu, kamar dai yadda kakanninmu suke zama da mazari da taskira. Zaren sai a kai wa masaƙa maza a cikin gari, su saƙa wani yadi mai daraja da ake kira sof, tufar malamai da manyan fada. Wanda ya yi saura fatake su saye, su kai Holan da Faransa da Ingila. Hukumar daular Usmaniyya, ta Turkawa fa, ba tamu ta Sakkwato ba, ta daɗe tana hana fitar da ɗanyen gashin. Mai so sai dai ya sayi zare ko yadi. Kun ga ke nan duk kuɗin da Bature zai biya, akwai rabon mai kaɗi a ciki. Mace tana zaune a ɗakinta, ba ta taɓa ganin teku ba, amma aikin hannunta yana ƙetare shi.

Wajen 1820 aka fara fitar da ɗanyen gashin zuwa Ingila. A 1838 kuma Turkiyya da Ingila suka ƙulla yarjejeniyar ciniki da ta buɗe wa 'yan kasuwar Ingila ƙofa sosai. Masu masana'antu a garin Biradfod suka gano yadda inji zai kaɗa gashin, wani attajirinsu mai suna Taitas Solt ma ya buɗe katafariyar masaƙa kusa da garin a 1853. Makiyayi bai yi asara ba, ai gashinsa ma kasuwa ya ƙara. Wadda ta shiga uku ita ce mai kaɗi, don abin da take sayarwa aikinta ne, kuma inji ya karɓe shi. Ni a ganina wannan asara ta fi ta masaƙa ciwo. In masaƙa ta rufe, kowa a kasuwa yana gani. In mace ta ajiye mazari a cikin gida, wa zai ƙirga? Wadda ta tashi a gaban kakarta za ta gane abin da nake faɗa, don haka zaren inji ya yi wa kaɗin audugarmu.

Bayan gashin, awakin ma suka bi. Masu kiwo a Afirka ta Kudu suna ba da labari cewa a 1838 aka sauke musu bunsuraye 12 da akuya ɗaya daga Turkiyya. Bunsurayen duk an dandaƙe su don kada a samu iri, ashe akuyar da ciki ta taso, ta haifi ɗan bunsuru. A 1849 wasu kuma suka isa Amurka, inda daga baya kiwonsu ya yi ƙarfi a jihar Tekzas. Yau kimanin rabin moheyar duniya daga Afirka ta Kudu yake fitowa, daga busasshen yankin Karu, kuma maƙwabciyarta Lesoto ma tana kiwonsu. Turkiyya mai asalin akuyar an bar ta a baya.

Shi kuwa siliki ba baƙonmu ba ne. Asalinsa Sin, amma ayarin raƙuma sun daɗe suna kawo shi Kano daga Turabulus, shi ne alharinin da ake yi wa riguna da zannuwa ado. Bature Barth da ya zo Kano a 1851 ya tarar ana cinikinsa. Muna ma da namu na gida, wato tsamiya, wanda wata tsutsa ke saƙawa a jikin bishiya. Mata ne ke dafa shi da ruwan toka, ya yi laushi, su kaɗa, a yi wa rigunan manya aiki da shi.

Wadda Allah Ya haɗa ta da zaren moheya, ta nemi allurar saƙa mai ɗan kauri, ta saki hannu, don gashin ne ke cike ramukan. Mayafin da za ta samu ba nauyi, amma yana riƙe ɗumi lokacin hunturu. Ta kuma ƙirga idon saƙarta da kyau tun daga layin farko, don gashin yana kama juna, warware shi aiki ne ja. Wanki kuwa da ruwan sanyi, a hankali, ba murza, a shimfiɗa shi a inuwa ya bushe.