Ribas da tirela: Abin da ya sa yake da wuya da yadda ake yin sa

Ribas, wato komawa da mota da baya, shi ne ma'aunin da direbobin manyan motoci suke auna ƙwarewar junansu da shi. Tuƙo tirela daga Legas zuwa Kano aiki ne na juriya, amma cusa ta da baya cikin lungun sito a Kasuwar Singa ko ta Dawanau, ga shaguna a gefe ga 'yan dako suna kai-kawo, aiki ne na lissafi. Kuskure kaɗan a nan kan jawo rushewar katanga, ko asarar kaya, ko ma salwantar rai.

Yadda ƙirar motar take

Tirela kashi biyu ce: kai, inda inji da direba suke, da kuma bodi, wanda ke ɗaukar kaya. Mahaɗarsu wani faifan ƙarfe ne a bayan kan, inda wata ƙusa mai kaurin kimanin inci 2 da ke ƙarƙashin bodin take shiga ta kulle. A kan wannan ƙusa bodin yake juyawa. Kwantena mai ƙafa 40 ta ɗan haura mita 12, idan aka haɗa da kai kuwa tsawon motar kan zarce mita 15. Saboda wannan bambanci ne lasisin tuƙi na Najeriya ya ware wa irin waɗannan motoci aji na musamman, wato aji G.

Idan ana tafiya gaba, kai ne ke jan bodi, duk inda ya karkata zai dawo ya bi sahu da kansa. A ribas kuwa tura shi ake yi. Abin da ake turawa ta kan ƙusa guda ba ya miƙewa da kansa: da zarar ya ɗan kauce, kaucewar ƙaruwa za ta yi ta yi har sai direba ya tare ta. Wannan shi ne tushen wahalar baki ɗaya.

Sitiyari a juye yake

A ƙaramar mota, inda aka murɗa sitiyari nan bayanta yake nufa. A tirela akasin haka ne. Idan direba yana son wutsiyar bodi ta yi hagu, dama zai fara murɗawa, domin bayan kan ya tura gaban bodin dama, wutsiyar ta karkata hagu. Da ta ɗauki hanya, sai ya warware sitiyarin ya bi ta, in ba haka ba lanƙwasar za ta wuce kima. Masu koyarwa kan sa ɗalibi ya riƙe ƙasan sitiyari, saboda daga nan, inda hannu ya nufa nan wutsiyar take nufa.

A ribas na miƙe, madubai biyu ne jagora. Duk madubin da bodi ya fara cikawa, ta wannan ɓangaren ake ɗan murɗa sitiyari, sannan a mayar. Gyara kaɗan da wuri ya fi gyara mai yawa a makare. Dogon bodi yana jinkirin amsawa, don haka yana ba direba sarari, gajere kuwa nan da nan yake karkacewa.

Babban abin gudu shi ne naɗewa, wato kai da bodi su lanƙwashe har gefen bodin ya doki ɗakin direba. Hakan kan fasa ɗakin, ya tsinke tiyon iskar birki da wayoyin wuta. Idan lanƙwasa ta yi tsanani, sitiyari ba ya iya ceto, sai dai a tsaya, a ja gaba a miƙe, a sake sabon lale. Ja gaba sau uku ko huɗu ba abin kunya ba ne ga gwani.

Ɓangaren gani da ɓangaren makanta

Tun shekarar 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, shi ya sa direba yake zama a hagun mota. Idan ya lanƙwasa ribas ta hagu, yana iya leƙowa ta taga ya ga tayoyin baya. Ta dama kuwa, da bodi ya karkata sai madubi ya daina nuna komai sai jikinsa. Saboda haka ƙwararren direba kan gwammace ya zagayo, ko da hanyar ta yi nisa, domin ƙofar da zai shiga ta kasance a hagunsa. Rabin aikin ribas yana cikin yadda aka daidaita motar tun kafin a sa giyar baya.

Kafin ya motsa, wajibi ne ya sauko ya duba da idonsa: kwata, wayoyin lantarki, rumfuna, da masu hutawa a inuwar mota. Sannan ya kunna fitilun gargaɗi, ya danna ham, ya tafi da saurin da bai wuce tafiyar ƙafa ba. Ya kuma riƙa lura da gaba, domin yayin da wutsiya ke shiga, hancin motar yana share wuri ta ɗaya gefen.

Aikin yaron mota da na jama'a

Babu madubin da ke nuna abin da yake daidai bayan bodi, nan ne amfanin yaron mota. Wurin tsayuwarsa shi ne gefen direba ta baya, inda za a gan shi a madubi, ba tsakanin mota da bango ba. Da hannu ake yin ishara, saboda ƙarar inji kan haɗiye murya. Ƙa'idar kuwa ita ce, da direba ya daina ganinsa, ya taka birki.

Mai kaya ma yana da nasa nauyin. Ya kamata ya share hanya kafin mota ta iso, ya janye yara da 'yan talla, ya kuma bar mutum ɗaya ya yi jagora, domin "taho" daga bakin mutum biyar rikita direba take yi. Masu ƙananan motoci da babura su guji kutsawa ta bayan tirelar da ke ribas. Jiran minti biyar bai kai ciwon abin da ka iya biyo baya ba, sannu kuwa ba ta hana zuwa.