Imani ko Riba? Saɓanin Masana Tarihi kan Jari-hujja da Bauta

A shekarar 1944 Eric Williams, ɗan tsibirin Tirinidad, ya wallafa littafinsa mai suna Capitalism and Slavery, wanda ya ƙunshi da'awa biyu. Ta farko ita ce ribar cinikin bayi da gonakin rake na yankin Karibiyan ta taimaka wajen tara jarin da ya gina masana'antun Ingila. Ta biyu kuwa, Birtaniya ba ta haramta fataucin bayi a 1807 ba sai da amfanin gonakin ya fara ja baya. Da wannan ya ƙalubalanci riwayar da aka saba ji, wadda ke jingina lamarin ga taƙawar William Wilberforce da mabiya ɗariƙar Kwaka.

Ba a bar shi haka ba. A 1972 Stanley Engerman ya yi lissafin cewa ribar fataucin kaɗan ce idan aka gwada ta da jarin ƙasar baki ɗaya. A 1977 Seymour Drescher ya kafa hujja cewa kasuwar bayi tana kan ganiyarta lokacin da aka soke ta, wato Birtaniya ta yi wa kanta asara da gangan. Sai Joseph Inikori, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya zo a 2002 ya faɗaɗa ma'aunin. A ganinsa, ba ribar jiragen bayi kaɗai ya kamata a ƙirga ba, har da audugar da bayi suka noma wa masaƙun Manchesta da kasuwannin da suka sayi kayansu.

Abin da wannan saɓani ya shafi ɗalibin addini shi ne: shin aƙida tana iya juya akalar tarihi, ko kuwa mayafi ce kawai ga maslahar dukiya? Abubuwa biyu sun hana a yanke hukunci cikin gaggawa. Boren bayin Jamaika na 1831, wanda Samuel Sharpe, mai wa'azi a cocin Baftis, ya jagoranta, ya gaggauta dokar 'yantarwa ta 1833. Amma wannan dokar ce ta ware fam miliyan 20 diyya ga iyayen gijin bayi, su kuwa bayin ba su sami ko anini ba. Imani ya tayar da magana, amma masu dukiya ne suka yanka mata farashi.