Kofi sau ɗaya sa'a ce, sau bakwai fa?

Yau tarihin basket za mu taɓa, wato ƙwallon kwando.

In aka ce Kano Pillars, ƙwallon ƙafa muke tunawa. To amma ƴan basket ɗinsu sun ɗauki kofin Najeriya a 2013 da 2014, suka sake a 2016 da 2017. Mene ne ke sa ƙungiya ta riƙe kofi haka? Amsar tana cikin tarihin jami'o'in Amurka, inda ɗalibai ne ke buga gasar.

Jami'ar UCLA ta ci kofi 10 daga 1964 zuwa 1975, bakwai a jere daga 1967 zuwa 1973. Ɗalibai na gama karatu suna tafiya, malami ɗaya ne bai gusa ba, John Wooden. Ranar farko ba jifa yake koya masu ba, sa safa da ɗaure takalmi yake koyarwa, don kada ƙafa ta yi bororo. A hannunsa Lew Alcindor, wanda ya musulunta ya zama Kareem Abdul-Jabbar, ya yi shekara uku, ya ɗauki kofi uku. A 1967 aka hana ɗalibai dunƙa ƙwallo cikin kwando daga sama. Bai yi fushi ya bar wasa ba, sai ya ƙara goge jifansa na hannu ɗaya, wanda ya gagari masu tsaro.

A 2006 jami'ar Florida ta ci kofi da Joakim Noah, ɗan Yannick Noah, jinin Kamaru. Kuɗin NBA na jiransa, amma shi da Al Horford da Corey Brewer suka koma aji. A 2007 suka sake ɗauka.

Kun ga ke nan, zama ne sirrin: malami ya zauna, yaro ya zauna. Mu kuwa nan yaro na kaiwa aji uku a CEG sai cirani ya ɗauke shi, malamin wasanni kuma kafin ya san sunayen yara an canza masa gari. Dogayen yara ba mu rasa ba, wallahi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Iyaye, ku bar yaran nan su gama. Magadan gari, fili da kwando biyu ba su fi ƙarfin komin ba. Allah ya sa mu dace.